Burtali, Kara da Kwata: Tarihin Cutar Dabba da Mutum a Iyakar Jibiya

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Jibiya ta nufi Maraɗi ta girmi iyakar da ta datse ta nesa ba kusa ba. Bayan da masu jihadi suka karɓe birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajejen 1819, wannan tsakani ya daɗe yana shan hari da ramuwar hari. Duk da haka fatake ba su daina wucewa da jakunansu ba, makiyaya ma ba su fasa al'adarsu ba: damina ta faɗi a yi arewa a bar wa manoma gonaki, rani ya yi a gangaro kudu neman ruwa da kara. Da Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasa, sun ja layi a 1890, suka gyara shi a 1898, suka sake gyarawa a 1904 da 1906, kafin ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila su bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamomi. Jibiya ta faɗo hannun Ingila, Ɗan Isa da Madarunfa suka faɗa hannun Faransa. Gulbin da ya bi ta Jibiya kuwa bai ma san ana yi ba. Yana shiga Nijar, ya shayar da Maraɗi da Tibiri, ya karkato ya dawo Najeriya ya haɗe da Rima.

An fi ba da tarihin wannan iyaka ta bakin 'yan kwastan da 'yan fito: shinkafa, fetur, atamfa, gwanjo. Akwai wani tarihin da ba a cika bayarwa ba, na abin da ke tafe a jinin saniya da huhun raƙumi da kejin kaji a bayan babur. Wanda ya bi shi daga farko zai ga cewa a cikin fiye da shekara ɗari, cutar dabba ɗaya tak aka kawar daga wannan yanki kwata-kwata, kuma ba da rufe iyaka aka kawar da ita ba.

Cutar ita ce bushiya. Ba ta kama mutum, amma dole a fara da ita, don kusan duk wani ofishin dabbobi da ke ƙasar Hausa ita ce sanadin kafa shi. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jirgin ruwa ta Masawa, a Eritiriya ta yau, don ciyar da rundunarsu, ashe shanun na ɗauke da cuta. Ta cinye garkunan Habasha, ta yi kudu, ta kuma yi yamma ta bi Sudan da Wadai da Barno, wajejen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasar Hausa. A wurare da dama cikin shanu goma tara suka faɗi. Bafaranshen nan Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano zuwa Kukawa a 1891 da 1892, ya rubuta irin ɓarnar da ya tarar a hanya. Fulani suka riƙa kiran annobar Sannu, saboda jajen da ya cika bakin mutane. Masu garke suka wayi gari daga su sai sanda. Wasu suka koma noma, wasu suka shiga gari neman abin yi, wasu hankalinsu ya gushe. Masana ƙwayoyin cuta ma sun nuna cewa ƙyandar da ke kwantar mana da yara 'yar'uwar bushiya ce ta jini, daga shanu ta tsallako wa ɗan Adam shekaru aru-aru da suka wuce, ta zauna ta zama tamu.

Turawan mulki ba don tausayin Bafulatani suka kawo likitan dabbobi ba. Jangali na cikin manyan hanyoyin shigar kuɗi baitulmali, ga fatu da ƙiraga da ake lodawa a jirgin ƙasa tun da dogo ya iso Kano a 1911, ga mahautan Ibadan da Legas na jiran shanu. Saniyar da ta mutu a daji asara ce ga hukuma ta fuska uku. Sashen kula da dabbobi ya fara zama a Zariya gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1924 aka mayar da shi Vom, kusa da Jos, inda aka shiga haɗa riga-kafi. Allurar farko mai wuyar sha'ani ce. Ana sa wa saniya ƙwayar cutar da maganinta lokaci guda, a tsare garke a sansani har ya farfaɗo, kuma wasu shanun a nan suke mutuwa. Makiyaya da yawa suka riƙa gudu, wani don tsoron allurar, wani don ya san mai ƙirga shanu yau da sunan magani, gobe da sunan jangali zai dawo. Wannan rashin yarda har yanzu bai gama fita daga ruga ba. Aka kuma kafa dokar shanun fatauci: duk garken da ya shigo daga ƙasar Faransi sai ya bi ta tashar dubawa, a yi masa allura, a ba shi takarda, ya bi burtalin da aka ƙayyade. Daga nan Jibiya ta samo matsayin da take da shi tare da Illela da Maigatari, na ƙofar da ake duba dabba kafin ta shiga Najeriya.

Shekara arba'in ana wannan fama kowace ƙasa da nata tsari, bushiya na lafawa tana dawowa. Ka yi wa garkunan Katsina allura, cutar na kwance a Maraɗi. Faransawa su yi a nasu ɓangaren, ta ɓuya a dajin Rugu. Sai a 1962, bayan samun mulkin kai, Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka haɗa hannu a wani gangami da aka sani da JP15. A daidai wannan zamanin ne Walter Plowright, wani likitan dabbobi da ke aiki a Kenya, ya samar da allurar da ba ta kwantar da saniya, kuma sau ɗaya ta isa kare ta har tsufa. Ma'aikata suka bazu da motoci da akwatunan ƙanƙara, suna kafa shinge a mashaya da bakin kasuwa. Saniya ta shiga, a soka mata allura, a huda mata kunne da wani ƙarfe mai barin alama, ta fita. Dillali a kara ba ya bukatar takarda, kunnen kawai zai kama ya duba. Shekara uku a jere ana bin kowane garke, a ɓangarorin iyaka biyu, cikin rani ɗaya. Bushiya ta ɓace har matasan makiyaya suka tashi ba su san kamanninta ba.

Daga nan aka saki jiki. Kuɗin waje ya ƙare, motocin suka lalace, 'yan maruƙan da aka haifa bayan gangamin suka girma babu huda a kunne. Cutar da ta saura a lungunan Mali da Muritaniya da kudancin Sudan ta sake tasowa, a farkon shekarun 1980 ta shigo Najeriya ta yamma da gabas, 1983 ta zama shekarar kuka a rugage. An ƙiyasta asarar Najeriya da kimanin dala biliyan biyu. Kafin a farfaɗo sai ga farin 1984, kuma a watan Afrilun shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Mutanen Nijar har yau suna kiran yunwar wannan lokaci El Buhari. Hatsi ya daina haurawa arewa ta hanyar mota, amma ramammun shanu ba su daina gangarowa kudu ta daji ba, ana sayar da su a wulaƙance, babu mai duba baki ko ido. Sai da aka koma ga haɗin gwiwa, a sabon gangamin Afirka baki ɗaya da aka fara a 1986, sannan aka gama da ita. A 2011 aka yi shelar cewa babu sauran bushiya a duniya, cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa bayan agana.

Bushiya ta samu wannan kulawa ne don tana zubar da shanu a fili, kowa na gani. Cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum yawancinsu ba haka suke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na cututtukan da ke yaɗuwa tsakanin mutane daga dabbobi suka samo asali, amma waɗanda suka fi daɗewa da mu a nan a ɓoye suke aikinsu.

Ɗauki bakkale. Makiyayi ya san ta da ɓarin da saniya ke yi cikin ya tsufa, da kumburin gwiwar bijimi. Abin da bai cika sani ba shi ne ciwon da ke damun shi kansa, zazzaɓin da ke zuwa da yamma ya tafi da safe, zufar dare, ciwon ƙugu da gaɓoɓi na wata da watanni, daga wurin saniyar ya fito. Ya sa hannu tsirara ya jawo ɗan maraƙin da ya maƙale, ya ɗauki mabiyiya ya jefar, ya sha madara da ɗuminta daga hantsa. A tsibirin Malta aka fara gano ƙwayar, a 1887, lokacin da wani likitan sojan Ingila David Bruce ke binciken zazzaɓin da ke kwantar da sojoji. A 1905 wani likita ɗan tsibirin, Zammit, ya gano cewa madarar awaki ce ke kawo shi. Aka hana sojoji shan ɗanyar madara, zazzaɓin ya kusa ɓacewa daga bariki. Fiye da shekara ɗari ke nan. A yawancin ƙananan asibitocinmu kuwa, mai zazzaɓi gwaji biyu ake yi masa, maleriya da taifod, in an gama a ba shi magani ya koma ruga, bayan wata guda ya dawo a sake. Tarin fukan shanu ma ta madarar da ba a tafasa ba yake bi, ya fi kama yara, ya kumbura musu wuya. Ba laifin fura da nono ba ne, kuma babu mai cewa a daina sha. Tafasa madara kafin a kwantar da ita ya wadatar, kuma mata da yawa masu tallan kindirmo sun riga sun saba da hakan.

Ciwon saifa shi ne ya fi ban tsoro, kuma a nan ne al'adarmu ta fi ba shi ƙofa. Saniya lafiya lau da safe tana kiwo, kafin azahar ta fara rawar jiki ta durƙushe. Mai ita ya san in ta cika ta zama mushe, dukiya ta tafi a banza. Sai a yi ihu a kawo wuƙa, a yanka da sauran numfashi, a ce alhamdu lillahi an same ta. Jinin da ke fita baƙi ne, ba ya daskarewa, wani na tsattsafowa ta hanci da dubura. In an farke ciki a tarar da saifa ta kumbura ta yi taushi. A feɗe, a kasa, a sayar da arha ko a raba wa maƙwabta bashi zuwa kaka. Bayan 'yan kwanaki wanda ya yi fiɗa ya ga ƙurji a hannu mai baƙin tsakiya, marar zafi, kewayensa a kumbure. Waɗanda suka ci naman da bai dahu sosai ba su kama amai da gudawar jini. Wurin da aka zubar da jinin kuma ya zama tarko, don ƙwayar na shiga ƙasa ta yi shekaru gommai tana jiran ruwan sama ya tono ta ko wata dabba ta yi kiwo a kai. Shi ya sa likitoci ke cewa dabbar da ta faɗi haka kada a farke ta sam, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi.

Ciwon saifa shi ne cuta ta farko da aka tabbatar ƙwayar halitta ce ke kawo ta, a aikin Robert Koch na Jamus a 1876, kuma a 1881 Louis Pasteur ya gwada riga-kafinta a kan tumaki a gaban jama'a a Faransa. Turawa sun san ta da kyau don ta sha kashe masu tsefe gashin dabbobi a masaƙun Bradford, shi ya sa suka matsa wa harkar fata ido a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ƙasar jar akuya. Allurar da ake amfani da ita yau, wadda Max Sterne ya haɗa a Afirka ta Kudu a shekarun 1930, ana yin ta a Vom, ana yin ta a ɗakin binciken dabbobi na Yamai, sau ɗaya ake yi a shekara, kuma ba ta da tsada. Duk da haka a watan Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda saboda ɓullar cutar a arewacin Gana da maƙwabtanta, a watan Yuli aka tabbatar da ita a wata gona a Gajiri, ƙaramar hukumar Suleja. A Janairun 2025 aka sake ba da sanarwarta a Zamfara, jihar da ke jingine da Jibiya. A ganina malamai da Sarakunan Fawa sun fi ma'aikatar gwamnati ikon magance wannan. Yanka na fitar da dabba daga hukuncin mushe, amma ba ya halatta wa mutum ya ciyar da maƙwabcinsa abin da zai kashe shi, kuma wannan magana ta cancanci huɗubar Juma'a.

Mutanen kudancin iyaka sun saba ɗora wa dabbobin Nijar laifin kowace cuta, tunda daga can shanu da raƙuma da raguna ke gangarowa. Shekarar 2006 ta nuna hanyar tana da hannu biyu. Tun a watan Janairu kaji suka fara zubewa dubbai a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, da wasu gonaki a Kano. Aka ɗauka ɗaya daga cututtukan kaji da aka saba da su ce. Sai da samfur ya je ɗakin bincike a Padova ta Italiya, ranar 8 ga Fabrairu aka sanar wa duniya cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1 ce, karo na farko a nahiyar Afirka. Makonnin da aka ɓata kafin sanarwar sun isa. Mai gona da ya ga kajinsa na mutuwa ba zai tsaya kallo ba, ya kira 'yan kasuwa ya karya farashi, kaji masu arha suka cika kasuwannin Arewa suka haura iyaka. Nijar ta hana shigo da kaji da ƙwai daga Najeriya, amma kafin ƙarshen Fabrairu an tabbatar da cutar a Magarya ta jihar Damagaram, bayan 'yan watanni kuma ta bayyana a wani ƙauye na yankin Madarunfa, ƙofar Jibiya ke nan.

Gwamnatin Obasanjo ta yi alkawarin diyyar naira 250 kan kowace kaza da jami'ai suka kashe. Kuɗin bai kai farashin kaza mai ƙwai a kasuwa ba, ba a biyan wadda ta riga ta mutu da kanta, kuma biyan na jinkiri. Sakamakon a bayyane yake: mai hankali ya ɓoye, ya sayar da dare. Matan karkara da kaji da zabi ne bankinsu suka riƙa tura su gidan 'yan'uwa a wani gari, wani lokaci a ƙetaren iyaka, da zarar an ji motar masu fararen kaya ta doso. Sai da Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 aka gyara tsarin diyya, sannan masu kaji suka fara kai rahoto da kansu. A Janairun 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu da cutar a Legas. A Yulin 2008 an sake ganinta a Kano da Katsina, ta yi shiru, ta dawo a farkon 2015 ta Kano da Legas, cikin 'yan watanni aka same ta a wata gonar kaji a Maraɗi. Hanya ɗaya, sau biyu, daga kudu zuwa arewa.

A shekara mai bi barazanar ta juyo daga arewa. Daminar 2016 ta yi ruwa sosai a arewacin jihar Tawa, sauro ya yi yawa, tumaki da raƙuma suka shiga ɓari a yankin Cintabaradan da Tasara. Daga watan Agusta makiyaya suka fara zuwa asibiti da zazzaɓi da zubar jini. Zazzaɓin kwarin Rift ne, wanda aka fara ganowa a Kenya a farkon shekarun 1930. Sauro ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, mutum kuma ya fi ɗaukarsa wajen yanka da taɓa abin da aka yi ɓarinsa. Kafin ƙarshen shekara an ƙirga mutum 348 da ake zaton sun kamu, 33 suka rasu. Abin da ya tayar wa masana hankali shi ne lokacin. A watan Satumba makiyaya ke taruwa a Ingal don bikin lasar gishiri, daga nan su watsu ko'ina, kuma Babbar Sallar shekarar ta faɗo ranar 12 ga Satumba, daidai lokacin da tireloli ke kwararowa kudu da ragunan layya. Allah ya taƙaita, annobar ta lafa a can. Amma ragon da aka loda a Tawa yau, jibi yana iya kwana a turke a Legas, kuma a tsawon tafiyar ba lallai ne wani mai ilmin dabba ya ɗaga masa leɓe ba.

Sauran tarihin a kwata yake, kuma kullum ake maimaita shi da asuba. Mahauci ya farke cikin raƙumi ko tunkiya, ya ga hanta ko huhu da wani ƙulli mai cike da ruwa kamar ƙwai. Ya sa wuƙa ya zagaye wurin, ya yanke, ya wurga wa karen da ke tsaye bakin magudana, ya rataye sauran. A cikin hanjin karen ƙullin ke zama tsutsa, ƙwayayenta su fito a kashinsa, su hau ciyawa da ganye da hannun yaron da ke wasa da shi. Bayan shekaru irin wannan ƙulli ya girma a hantar mutum, sai tiyata. Tsila kuwa daga naman shanu da bai gasu ba take zuwa, tsiren da aka ɗauke daga wuta cikinsa da ja, sannan mai ita ya yi bahaya a fili, saniya ta yi kiwo a wurin, zagayen ya cika. Karen dai shi ne ke kawo hauka, cutar da ke kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara ko da yake Pasteur ya gwada riga-kafinta tun 1885, kuma karnukan mafarauta da na makiyaya ba su taɓa tsayawa a Magama, ƙofar iyakar Jibiya, an duba su ba. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar. In alamun hauka suka bayyana, an makara. Raƙuman da ake yankawa a kwatar Kano, waɗanda yawancinsu daga Nijar da Cadi suke, an samu ƙwayar cutar numfashin nan ta MERS a jikinsu, irin wadda ta bayyana a Saudiyya a 2012.

Madatsar ruwan Jibiya, da aka gama a farkon shekarun 1990, ta kawo noman rani da kifi, alheri ne babba. Sai dai ruwan da ke kwance shekara zagaye gidan katantanwa ne, kuma ta cikin katantanwa tsutsar hantar shanu da tsargiya ke bi. Da ana ɗauka tsargiyar mutum daban, ta dabba daban. Bincike a Senegal da Nijar ya gano jinsunan biyu na barbara da juna suna haifar da gauraye mai kama mutum. Ko kurkunu, da aka ƙirga fiye da mutum 650,000 masu ita a Najeriya a 1988, aka kuma ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da ita tare a Disambar 2013, a Cadi ta koma jikin karnuka ta laɓe, shi ya sa har yanzu ba a rufe littafinta ba.

Ta fuskar takarda ba a bar komai ba. Akwai dokar cututtukan dabbobi ta 1988 da aka sabunta a 2022. Akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 da ta ce duk garken da zai ƙetare iyaka ya riƙe shaidar riga-kafi. A 2017 jihar Katsina da jihar Maraɗi sun sa hannu kan tasu yarjejeniyar ta zirga-zirgar makiyaya. A 2019 Najeriya ta ƙaddamar da tsarin haɗa likitan mutum da na dabba da na muhalli a teburi ɗaya, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya. A ƙasa kuwa ga abin da ya faru. An rufe iyaka a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. A tsakani, a ƙarshen Agustan 2021, Gwamna Masari na Katsina ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwar Jibiya da wasu kasuwanni saboda ɓarayin daji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa har Maris ɗin 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Kowane mataki da dalilinsa, kuma ba na raina dalilin tsaro, wanda ya rasa ɗan'uwa a hanyar Gurbin Ɓaure ya san ba wasa ba ne. Amma iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ɓarayin hanyoyi ba su ƙirguwa. Duk ranar da aka garƙame ƙofar Magama, dabba ba ta fasa shigowa, malamin dabbobi ne kawai ke daina ganinta. Shanun sata da ake yankawa a ɓoye ba su ratsa hannun mai duba nama, mai allura ba ya iya shiga rugagen da ke bakin daji, dubban iyalai kuma sun yi gudun hijira zuwa Madarunfa da Gidan Rumji da 'yan awakinsu. Ga dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Jibiya ya ƙara wa tafiyar dabba sauri.

Abin da ya yi aiki a 1962 ba ya bukatar sai Abuja da Yamai sun gama shiryawa. Hukumomin Katsina da na Maraɗi su kakkaɓe yarjejeniyarsu ta 2017, su tsayar da wata ɗaya a shekara da za a yi allurar saifa da ta haukan kare a ɓangarorin biyu tare. A ajiye likitan dabbobi a karar Jibiya duk Lahadi da kayan aikinsa, a kuma ware kuɗin biyan mai saniyar da aka hana yankawa, a biya shi da wuri, don wanda ya san zai yi asara ba zai taɓa kai rahoto ba. Kai kuma mai karatu, in aka kawo maka nama mai arha aka ce saniyar faɗuwa ta yi aka same ta da wuƙa, kada ka saya, kada ka karɓi kyauta, ka sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku.